Facin Ɗan Fari

Na Allah ya danna robar cikin taya a kwanon ruwa yana juya ta a hankali, yana jiran inda kumfa zai ɓullo, sai warin esansi, man fetur, ya cika rumfar. Bai ɗaga kai ba. Duk mai faci a bakin tashar Tasawa ya san wannan warin. Warin baburan samarin nan ne masu jigilar mai a bido, manyan jarkoki, ta hanyoyin daji zuwa bakin iyaka.

"Sannu da aiki, Baba Ƙarami."

Hannunsa ya tsaya cikin ruwan. Ya fara ganin ƙafafun, dogaye, sun yi fari da rairayi, sannan tayar baya da ta kwanta. Sannan ya ga ƙarafan da aka yi wa walda a gefen babur ɗin biyu, da igiyoyin roba a naɗe a kansu. Ba sai an gaya masa aikin waɗannan ƙarafan ba.

Lamine ne, ɗansa na fari.

Tun ranar da aka yaye shi, Yaya Alhassan ya zo daga Urafane ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi da shi, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari a gidansu. Shi Yaya Alhassan ɗin yaron yake kira Baba. Na Allah kuwa bai taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. In magana ta kama sai ya ce "na wajen Yaya." Ba ya kallon idonsa, ba ya cin tuwo kwano ɗaya da shi, ko ranar kaciyarsa bai je ba. Mutane suna yaba masa, suna cewa Na Allah akwai kunya. Ga yaron nan yau ya yi gemu.

"Yauwa," ya ce wa tayar. "An zo kasuwa? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Tare da Baba muka zo, yana wajen 'yan wake. Ƙaya ce ta shiga mini tun a hanya."

"Motonga na wa ne?"

"Nawa ne. Baba ya sai da sansa mai jan amalanke ya saya mini." Muryar yaron cike take da alfahari. "Yau zan fara fita. Da la'asar za mu tashi."

Na Allah ya dubi tsallaken hanya, inda Hindatu mai tuwo take kwashe tukunya. Watan da ya wuce aka wuce ta gaban rumfar nan da babur ɗin ɗanta Khalil a kan amalanke, ƙarfe baƙi ƙirin, babu taya, babu kujera. Ya faɗi ne cikin rairayi da kaya, bido ɗaya ya fashe a kan ƙarfen hayaƙi. Waɗanda suka je ɗauko shi sun ce ba su samu abin yi wa wanka ba. Na Allah ne yake yi wa yaron faci tun yana hawan keke. Tun daga ranar bai iya sayen tuwo wajen Hindatu ba.

Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Kwance tayar."

Yaron ya kwance, ya miƙa masa, ya ce zai je ya gai da wani aboki ya dawo. Yana juya baya Abdurrahamane mai shayi ya leƙo daga teburinsa. Taubashin Na Allah ne, ɗan gwaggonsa, saboda haka babu abin da bakinsa ke jin nauyin faɗa.

"Bawana, ka ga abin da na gani?"

"Na gani."

"To mi ka ce masa?"

"Mi zan ce? Ɗan Yaya ne."

"Ɗan Yaya! Kunnuwan nan nasa kamar faifai, na Yaya ne? Duk Tasawa kai kaɗai ke da irin su." Ya zuba shayi daga sama, kumfa ya tashi. "Ka ce tayar ta mutu, ba ta faci."

"Sai ya tura ta wajen Na Ladidi can gaba, ya yi masa yanzu-yanzu."

"To ka kira shi ka ce kai, ban yarda ba. Ba ka da baki?"

"Abdu, ka sha shayinka."

Ya samu hudar, ƙarama ce kusa da bakin iska. Ya share wurin da gefen rigarsa. Ya ɗauki guntun zarton da yake kankare roba da shi kafin ya shafa gam, ya riƙe shi, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ajiye. Ya ɗiga gam kaɗan a kan robar mai santsi, bai jira ya sha iska ba, ya manna facin ya danna da babban yatsa. Tun da ya fara wannan sana'a bai taɓa yin haka ba.

Ya riga ya auna abin a ransa. Samarin nan wayam suke fita gari, sai sun yi nisa kudu suke ɗora kaya a wani ƙauye. Da zafin bazarar nan, gudro, kwaltar hanya, kamar tanda, facin ba zai kai ko'ina ba. Iska za ta sace a hankali a bayan gari, abokan tafiya su wuce, yaron ya dawo yana tura babur. Tafiyar yau ta fasa ke nan. Kafin wata ta zo shi ya samu Yaya sun yi magana.

Lamine ya dawo, ya ɗaura tayar, ya sa hannu a aljihu.

"Bar shi," in ji Na Allah, yana kallon kwanon ruwa.

"Na gode, Baba Ƙarami. Allah ya ƙara girma."

Da azahar matarsa Ladi, mahaifiyar yaron, ta kawo masa fura. Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar, ta fara damawa. Ya jira har mai amalanken da yake wa aiki ya tafi.

"Na wajen Yaya ya zo nan ɗazu."

Ba ta ɗaga kai daga ƙwaryar ba. Ita tata kunyar ta fi tasa. Ko a biki suka haɗu da yaron, mayafi take ja ta bi wata ƙofar.

"An saya masa moto. Mai ƙarafa."

Ludayin ya tsaya. Ta juya ta dubi rumfar Hindatu, ta dawo da idonta kan ƙwaryar.

"Ni mi ye nawa a ciki," ta ce a hankali. "Masu shi sun fi mu sanin abin da ya dace."

Ta ci gaba da damawa, tana damawa, har furar ta zubo ta gefen ƙwaryar ta jiƙa mata zane, ba ta lura ba. Da ta tashi tafiya ta yi taku biyu ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Malam, an ce Yaya yana cikin kasuwa."

"Na sani."

"To."

Ya bar wa Abdurrahamane rumfar ya shiga kasuwa. Yana tafe yana shirya maganar, yana rushewa. Me ya sa sai wannan yaron? Yusuf na Yaya yana lise, lakwal ta sakandare, a Maradi, da farar riga da jaka. Ƙaninsa yana zaune a shagon kawunsu yana jin rediyo. Sai wanda aka ba su amana, shi za a ɗora a kan wuta? Da shanu ne aka ba Yaya kiwo ya tura su hanyar da ake mutuwa, ai mai shanu yana da bakin magana. Shi da ya haifi mutum ba shi da shi. Wace irin kunya ce wannan? Ya tuna sallar da yaron ya zo gaisuwa da ƙafa a kumbure, ƙaya ta yi ruwa a ciki, shi kuwa ya zauna yana jan carbi kamar bai gani ba, har baƙi suna cewa ka ga dattijo. Dattijon banza.

Ya samu Yaya Alhassan a rumfar wani dillalin wake, zaune a kan buhu tare da dattawa uku na wajen Urafane. Ya cire takalmi ya tsuguna. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi maganar zafi, aka yi maganar ko ruwa zai sauka da wuri bana. Wani ya ce shi har ya yi binne a gonarsa ta tudu, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa yana jiran Allah. Na Allah yana amsawa da ka, yana duban rana.

"Yaya, na ga moto."

"Ka gani? Mai kyau ne. Bai daɗe a hannun mai shi ba."

"Hanyar nan ba ta da kyau, Yaya."

"Wace hanya ce mai kyau yanzu?"

"Watan jiya aka kawo na ɗan Hindatu a amalanke. Da idona na gani."

"Allah ya jiƙansa. Kwanansa ne ya ƙare. Wani a kan gadonsa yake mutuwa."

"Na ce ko za a samar wa... ko za a duba wani abin."

Yaya Alhassan ya juyo gaba ɗaya ya dube shi. Ya fi shi tsufa sosai, gemunsa fari fat, kuma tun rasuwar mahaifinsu babu wanda ya taɓa mayar masa da magana a gidan.

"A samar wa wa?"

Na Allah ya gyara tsugunno, idonsa a kan buhun wake.

"Ina tambayarka. Maganar wa ka zo yi?"

"Yaron."

Ɗaya daga dattawan ya yi gyaran murya. Wani ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Ikon Allah," in ji Yaya Alhassan. "Yau Na Allah ne ke maganar ɗan fari cikin kasuwa. To faɗi. Wane abin za a duba? Gonar babanmu ka san ta. Da mu biyu ke nomanta, yanzu ƙatti nawa ke kallonta? In na yanka masa nasa, jaki ya kwanta a ciki sai wutsiyarsa ta shiga gonar maƙwabci. Geron bara bai kai mu ko'ina ba. Yaro ya isa aure. Kullum maganarsa Libiya, ko wajen zinariya. Na ce gara nan kusa, inda zai je ya dawo mu gan shi. Sa na na sayar, yanzu a amalanken mutane nake roƙon a ɗauko mini kaya. Mi ka sayar kai?"

"Yusuf yana lise."

"Yusuf ya ci jarrabawa. Shi sau biyu yana faɗuwa. Ni na riƙe masa alƙalami?"

Na Allah bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

"Wanda ke jan ruwan shanu a rijiya tun asuba, ya isa lakwal rana ta take, ina zai ci jarrabawa? Wa ke zuwa rijiyar, Yaya? Yusuf ne? Duk wanda ya zo daga Urafane sai ya gaya mini, wai yaron nan akwai ƙoƙari, shi ke shanu, shi ke harawa, shi ke kai taki gona. Ina ji, ina cewa madalla. Yanzu kuma shi ne na wuta!"

Dillalin ya bar awo, tiya a hannu.

"Haba, Na Allah," in ji dattijon da ya yi binne. "Ɗan fari ne fa. Kuma yayanka ne."

"Ƙyale shi," in ji Yaya Alhassan. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ranar da ƙyanda ta kama shi, ni na goya shi a baya har likita, da ƙafa, uwar Yusuf tana bina da buta. An aiko maka. Ka ce Allah ya sawwaƙe. Ban ga laifinka ba, haka muka tarar. Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in tambaye ka. Yara nawa ka koya wa faci a rumfar nan taka?"

Yaya Alhassan ya fara ƙirgawa da yatsu.

"Na Ladidi da ke gaba da kai, ba yaronka ba ne da? Yau yana da mata da ɗiya. Akwai na Mayahi, akwai wanda ya tafi Kanan-Bakaché ya buɗe tasa. Ɗiyan mutane. Shi wannan ka taɓa cewa Yaya, turo mini shi ya zauna kusa da ni ya ga yadda ake yi? Ni na hana? Kai ne ba ka iya zama inuwa ɗaya da shi."

Maganar ta shige shi har ƙashi, don babu ƙarya a ciki. Ya tsaya da takalmansa a hannu kamar yaron da aka kama a gonar rogo.

"In sallama kake so ka yi masa, ka hanzarta," in ji Yaya Alhassan, ya juya ga buhunsa. "Yanzu suna can suna ɗaure kaya."

"Wane kaya?"

"Bido-bidon mana. Nasu maigidan, wani Alhaji, a nan cikin gari yake loda musu, wani gida bayan maƙera. Daga nan sai tsamiyar bakin hanyar kudu, su shiga daji."

"Da kayan za su fita? Daga nan?"

"To da mi za su fita?"

Na Allah ya ji ƙasa ta yi sama. Facin da ba a kankare ba yana iya riƙe babur wayam, mai tafiyar cikin gari, ya yini a inuwa. In aka ɗora masa nauyin mutum huɗu, aka shiga rairayi mai zafi da gudu, ba a hankali zai saki ba. Lokaci ɗaya zai tafi.

"Yaya, kira shi! Kira shi a waya yanzu!"

"Wayata tana wajen masu caji tun safe. Lafiya? Kai ba ka da waya?"

Yana da waya. Akwai lambar mai kawo masa gam daga Maradi, akwai ta direbobi, akwai ta limamin unguwa. Babu ta yaron. Bai taɓa tambaya ba.

Ya fita da gudu. Ya ture tiren wata mai gyaɗa, ta bi shi da zagi, bai tsaya ba. A bakin kasuwa ya faɗa bayan wani ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, ya ce tsamiyar hanyar kudu, ka yi sauri don Allah. Ana kiran sallar la'asar a masallacin tasha. Amalanken jaki ta gitta musu da lodin kara, mai ita yana tafe yana waƙa, Na Allah ya daka masa tsawar da shi kansa bai san yana da ita ba. Bakinsa yana ta motsi, addu'a ce ko zagin kansa ne, bai sani ba.

Suna can ƙarƙashin tsamiyar, babura a jere, kowanne da bido an ɗaure su gefe da gefe da baya har sun fi kan mai tuƙi tsawo. Samarin sun naɗe fuska da rawani, duk sun tayar da inji. Na gaba ya riga ya sauka daga gudro ya kama hanyar rairayi, na biyu yana binsa.

Na Allah ya diro tun kabu-kabun bai gama tsayawa ba. Ta ƙeya ya gane shi, na huɗu a layi. Ƙeyar mahaifinsu ce sak.

"Kai! Kai, yaro!"

Biyu suka waiwayo, ba shi a ciki. Na uku ya tashi. Na huɗu ya ɗaga ƙafa daga ƙasa, tayar baya ta lotse da nauyi, ta fara juyawa.

"Kai na wajen Yaya! Tsaya!"

Ƙarar inji ta haɗiye maganar. Akwai masu sai da rake a gindin tsamiyar, da mata masu jiran mota, da wani tsoho a kan tabarma da ya san Na Allah tun yana saurayi. Duk suna kallonsa. Ya bi babur ɗin da gudu, rairayi yana riƙe masa ƙafa.

"Lamine!"

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Yaron bai waiwayo ba.

"Lamine! Lamine, ɗana, tsaya!"

Babur ɗin ya yi tangaɗi, ya tsaya. Yaron ya dafe ƙasa da ƙafa biyu, ya janye rawanin daga fuskarsa, ya juyo yana neman mai kiran. Idonsa ya wuce Na Allah, ya je kan masu rake, ya dawo.

"Baba Ƙarami? Wani abu ya samu Baba?"

"Sauke kayan." Numfashi yake da ƙyar. "Kashe motonga ka sauke kayan."

Na ƙarshe a layin, wanda da alama shi ne babbansu, ya matso da nasa babur ɗin.

"Tsoho, lafiya? Rana tana faɗuwa, muna da tafiya."

"Tayarsa ba za ta kai ba."

"Ku kuka yi facin da safe," in ji Lamine.

"Ni na yi. Ba faci ba ne. Sauke ka gani."

Babban ya dubi tayar, ya dubi Na Allah, ya yi tsaki. "Mu ba mu jira. In ka gyara ka mayar wa Alhaji kayansa, ka yi masa bayani da bakinka." Ya ja rawaninsa ya bi sauran. Ƙararsu ta yi ta raguwa har ta ɓace cikin sabara.

Ɗan kabu-kabun ya taimaka suka sauke bidon ɗaya bayan ɗaya, suka jera a inuwa. Lamine ya kwance tayar da kayan aikin da ke ƙarƙashin kujerarsa, ya zaro robar. Gefen facin ya riga ya ɗaga. Na Allah ya sa farce, ya saɓule gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen dankali. Ƙarƙashinsa roba ce sumul, ko alamar zarto babu.

Yaron ya daɗe yana kallon wurin. Ba mai faci ba ne, amma ba wawa ba ne.

"Da gangan kuka yi."

"Da gangan."

"Don in faɗi?"

"Don ka dawo. Na ɗauka wayam za ku fita."

Lamine ya jefar da robar a rairayi. Bai taɓa ɗaga murya a gaban wannan mutumin ba, yanzu ma bai ɗaga ba.

"Tun ina yaro ba ku taɓa ce mini yi ba, ba ku taɓa ce mini bari ba. In na zo gaisuwa bango kuke kallo. Na faɗi jarrabawa, ban ji daga gare ku ba. Na ce zan tafi Libiya, duk Urafane ta ji, ban ji daga gare ku ba. Yau da na samu abin yi, ranar farko, kun kunyata ni gaban abokan tafiya. Da ba ku so, ba sai ku faɗa ba? Ina tsaye gabanku da safe!"

"Kana tsaye."

"To don mi?"

Na Allah ya sunkuya ya ɗauki robar, ya kaɗe mata rairayi.

"Alhajin nan, ni zan je masa da kaina. A samo amalanke a mayar masa da kayansa."

Rana ta yi ja kafin su gama. Alhajin ya yi faɗa a ƙofar gidansa, Na Allah ya tsaya ya shanye, yana cewa laifina ne, aikina ne ya ɓaci. Daga nan suka turo babur ɗin ta cikin gari, yaron a gaba yana riƙe da kai, shi a baya yana dafe da ƙarafan walda. Da suka zo daidai rumfar tuwo, Hindatu ta bar abin da take yi ta bi su da ido. Na Allah ya ce mata sannu da aiki. Ta ce yauwa, sannunku.

Abdurrahamane yana tsaye da butar shayi, bakinsa har kunne.

"Labari ya riga ku isowa! An ce bawana ya tsaya gindin tsamiya yana kwarara sunan ɗan fari kamar mai tallan kifi. Har da ɗana! Gobe sai mu ji ka goya shi."

"Abdu, zuba mana shayi."

"Mana? Kai da wa?"

"Zuba biyu."

Na Allah ya zauna a kan tsohuwar tayar motar da yake zama. Ya jawo ɗaya da ƙafa, wadda yaransa masu koyo suke zama a kai, ya tura ta gefensa. Lamine ya tsaya yana kallonta. Can ya zauna, a baki-baki.

"Na ji kiran farko," ya ce, yana kallon ƙasa. "Na ɗauka wani Lamine ake nema. Ban san muryar da sunan ba."

Na Allah ya shimfiɗa robar a kan katako, ya nuna hudar da yatsa. Ya ɗauki guntun zarton ya miƙa masa.

"Kankare nan. Har sai ta bar ƙyalli."

"Jibi akwai wata tafiyar," in ji yaron. "Ban ce na fasa ba."

"Na ji. Kankare."

Ya karɓa. Ya fara da ƙarfi kamar mai huce haushi.

"A hankali, za ka huda ta. Faɗaɗa kaɗan. Yauwa. Yanzu gam, siriri. Kar ka manna tukuna, bari ya sha iska."

Suka zauna suna jiran gam ya sha iska, shayi yana hucewa a tsakaninsu. Wani mutum ya tsaya a bakin rumfar da keke, buhun dusa a baya, tayar gaba a kwance. Ya yi sallama, ya ce don Allah a taimaka, yana so ya kai gida kafin duhu.

Na Allah bai tashi ba. Ya kurɓi shayinsa.

"Lamine," ya ce, "duba wa bawan Allah tayarsa."

Wannan karon sunan bai maƙale ba. Yaron ya dubi babur ɗinsa da ke jingine da ƙarafansa, ya dubi mai keken. Sannan ya miƙe, ya jawo kwanon ruwan kusa.